Aljihun Gidan Alhaji Maliki

A bazarar 1977, lokacin da sanƙarau ya shiga unguwannin arewacin Kaduna, Datti yana da wata bakwai da fara aikin duba-gari. Wata bakwan nan sun ishe shi ya tsani kalma ɗaya, wato matsa. A motar haya kwandasta ya ce a matsa. A aji malami ya ce a matsa. A asibiti a kwantar da mutum biyu gado ɗaya, a ce su yi haƙuri su matsa. Kuɗin mai sun shigo, gine-gine sun tashi, ƙauyuka sun juye mazajensu cikin garin nan, amma babu wanda ya tsaya ya tambayi inda za su sa haƙarƙarinsu. Mu ma da muka yi boko ta tagar ofis muke hangen abin, mu ce ai haka birni yake, mu koma kan jaridarmu.

Ranar wata Talata da safe wata tsohuwa mai sayar da tuwo, Uwani, ta tare shi a bakin titin Unguwar Kanawa. Ba ta kalle shi ba. Ta tsaya kusa da babur ɗinsa tana gyara gammo.

"Ɗan nan, kai ne mai leƙa randunan mutane?"

"Ni ne, Iya."

"To yau ka ƙyale randa. Gidan Alhaji Maliki, ɗakin masu gadi, akwai wani Hamisu. Kwana biyu ke nan wuyansa ba ya juyawa. Jiya ko ruwa bai sha ba." Ta ɗora kwandonta. "Ban gan ka ba, ba ka gan ni ba. A gidan nake haya, kuma su ne masu cin tuwona."

Datti ya san abin da kwana biyu ke nufi. Mai sanƙarau in ya sami allura a kwana na uku yakan tashi. A na huɗu sai wanda Allah ya so. Ya koma ya yi ta roƙon direban motar asibiti har ya yarda zai biyo shi, ya jira a bakin titi zuwa tsakar rana. Da hantsi suka iso.

Kuskurensa na farko babur ne. Duk unguwar ta san kukan babur ɗin duba-gari. Tun kafin ya kashe shi, telan da ke zauren gidan, Ɗanladi, ya tsayar da kekensa ya miƙa hannu ya kaɗa wata ƙararrawar keke da ke rataye a ƙusa, sau uku. Sannan ya tsare Datti da gaisuwa, ina gajiya, ina aiki, ina zafi, ina labarin su yallaɓai na ofis, yana tsaye a tsakiyar ƙofa yana sosa ciki.

Gidan da ɗaki takwas aka gina shi. Yanzu ɗakunan sun haura ashirin, don duk inda ido ya ga fili Alhaji Maliki ya kafa katako ya jingina kwano. Tsakar gidan ta koma siririyar hanya. A can ƙarshe ɗakin masu gadi yake, ginin ƙasa, taga ɗaya wadda ba ta fi faifai ba. Mutanen ƙauyukan wajen Bichi ne a cikinsa. Leburori su kwana da dare, masu gadi su karɓi tabarmin da safe, tabarma ba ta taɓa hucewa. Dokar ɗakin ɗaya ce: duk wanda ya zo daga gida ba a korarsa, matsa masa ake yi. Mai riƙe da wannan doka shekara goma sha ɗaya shi ne Ila, wani dattijo mai gadin sito, siriri, mai furfura a gemu.

Mutum shida Datti ya tarar zaune, bayansu jingine da bango, kowa da carbi ko asuwaki.

"Malam Ila, ku nawa ne da rana?"

"Ga mu, ranka ya daɗe. Mu shida, kamar yadda gwamnati take so."

Datti ya dubi ƙasa. Zafin ranar ya sa duk wanda ya kwanta ya bar hotonsa a kan tabarma da gumi: kafaɗa, haƙarƙari, ƙugu, duk a kaikaice, jere kamar cokula. Ya ƙirga. Goma sha ɗaya, kuma ba su fara bushewa ba. Na can jikin bango ya fi sauran jiƙewa. A daidai kansa akwai ƙoƙon rubutu da ɗan ƙahon wanzami.

"Mutum shida, gumi goma sha ɗaya."

"Wasunmu barcin juyi suke yi," in ji Ila. Ya nuna wani ƙato da haɓa. "Wancan, inda ya kwanta ba nan yake tashi ba. Shi kaɗai gumin mutum uku gare shi. Mun ce a yi masa aure ko ya natsu, matan duk sun gudu."

Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba.

"Ina Hamisu?"

"Wane Hamisun? Garin nan Hamisu ya fi kaji yawa."

Datti ya fita ya duba gidan kaf. Ya leƙa banɗaki da wurin wanka, ya wuce tulin itacen da ke bayan wurin wankan, ya ɗaga labulen kowane ɗaki, ya hau turmi ya leƙa saman kwano. Ƙofar gidan ɗaya ce, kuma babu wanda ya fita ta cikinta. Mutum biyar, ɗaya ba ya iya tsayuwa, sun ɓace a gidan da ko kaza ba za ta sami wurin yin ƙwai ba.

Ya jawo turmin ya kife shi a ƙofar ɗakin ya zauna.

"Nan zan wuni. In ta kama, nan zan yi magariba. Duk ramin da kuka sa su, zafi zai fito da su."

A nan ne ya ga fuskokinsu sun sauya. Ƙaton ya daina asuwaki. Wani ya ɗaga kai ya dubi bangon baya, ya yi sauri ya mayar da idonsa ƙasa.

Rana ta ɗaga. Kwano ya fara ƙas-ƙas a sama. Hotunan gumin nan suka bushe ɗaya bayan ɗaya, sai na jikin bango, shi ya ƙi bushewa.

"Baba," Datti ya ce, ya sassauta murya, "mota na bakin titi. Allura ce kawai. Na rantse maka ba zan rubuta yawanku ba."

"Bara ma haka aka rantse," in ji Ila, kuma wannan karon ba raha a bakinsa. "Aka ɗauki mutum biyu daga ɗakin nan. Ko rigunansu ba a dawo da su ba. Aka fesa mana magani, aka garƙame ƙofa kwana goma, muka kwana a tasha kamar kayan da aka manta."

"Don kun ɓoye su ne sai da suka kusa cikawa. Ku ne kuka kashe su, ba asibiti ba."

"To. Kai ka yi karatu." Ila ya ja carbinsa. "Ni dai in akwai wani Hamisu, ubansa ne ya damƙa mini shi a tasha, hannu da hannu. Bai ce in damƙa wa duba-gari mai gajeren wando ba."

Wajen sha biyu aka jiyo motar asibiti ta yi oda sau biyu a bakin titi. Ta ƙara ɗaya doguwa. Daga nan sai ƙarar tafiyarta.

Uwani ta gifta da tulu. Daidai kunnensa ta rage tafiya.

"Fita ka sha iska, ɗan nan. Ka tafi da babur ɗinka, ka dawo da ƙafa."

Gaskiya ta faɗa masa. Da ya tayar da babur ya kai shi bayan masallaci, da kafin ya dawo sun fito da mutanen. Amma Datti ya riga ya faɗa a gaban maza shida cewa nan zai wuni, kuma yana tsoron in ya ɗaga su sauya wa marar lafiyar wuri. Ya gyara zama a kan turmi. Wannan ne kuskurensa na biyu.

Da aka kira azahar, Ila ya jera mutanensa a siririyar tsakar gidan. Datti ya yi alwala ya shiga ɗakin ya tayar da tasa shi kaɗai, don kada ya bar ƙofa. Yana jin Ila a waje ya zauna tahiya bayan raka'a ta uku, na baya suna ta yi masa tasbihi. Shekara goma sha ɗaya yana limancin ɗakin, bai taɓa rafkanuwa ba.

A sujadar ƙarshe, goshin Datti na kusa da gindin bangon baya, ya ji murya.

"Ku matsa kaɗan."

Ba kuka ba ce, ba nishi ba. Murya ce ta ladabi, a hankali, irin ta baƙo a motar haya wanda ba ya so ya ɓata wa kowa. Daga cikin bangon ta fito.

Ya sallame, ya kara kunnensa. Bangon da ɗumi kamar jikin mutum. Ya daɗe bai ji komai ba sai bugun jininsa. Can sai ga ta kuma, daidai kusurwar da tabarmar Hamisu take.

"Don Allah ku matsa kaɗan."

Ya buga bangon da tafin hannu. "Hamisu. Ni ne duba-gari. Ta ina aka sa ka?"

Shiru.

Ya fita waje da gudu ya zagaya ta layin baya. Babu komai sai katangar bulo ta wani sabon gida da wani ma'aikacin gwamnati ya gina, doguwa, ba ko kafar ɓera. Ya dawo yana haki, ya tarar Uwani ta kawo abincin rana. Ta durƙusa a ƙofar ɗakin tana sauke kwanuka ɗaya-ɗaya a gaban Ila. Ta ajiye shida. Ba ta tsaya ba. Ta ajiye na bakwai, na takwas, har goma sha ɗaya.

"Uwani," Ila ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Sai ku nemi wata mai tuwon, Malam."

Ta ɗebi ruwa a moɗa ta nufi bayan wurin wanka. Ta sa ƙafa ta ture tulin itacen. A bayansa akwai wani tsohon kwano a jingine. Ta ja shi ya faɗi.

Da mai sabon gidan ya zo gina katangarsa, bai haɗa ta da bangon ƙasar ba. An bar tsaga a tsakani, faɗin kamu ɗaya a baki. Bangayen biyu kuwa ba a miƙe suke tafiya tare ba, don haka tsagar tana ƙara tsukewa har ta koma taƙi ɗaya a can ƙurya. Bakin kwanon gidajen biyu ya haɗu ya rufe samanta. Mutanen ɗakin suna kiranta aljihu. Duk ranar da ƙararrawar tela ta kaɗa, rarar mutane su shige ciki a kaikaice, su tsaya kafaɗa da kafaɗa na minti goma, duba-gari ya leƙa randa ya tafi. Aljihun ma da dokarsa: wanda aka fi tsoron a gani shi ake fara sawa, can ƙurya. Ran nan Hamisu aka fara sawa. Da yake ba ya iya tsayuwa, sai aka ce ai bango zai riƙe shi, na kusa da shi kuma ya tokare shi da kafaɗa.

Wani hucin zafi ya fito daga ciki, da warin fitsari. Sannan mutane suka fara fitowa, a kaikaice, fuska a juye gefe ɗaya. Ƙasa ta yi musu fari fat, ƙirji da baya duk sun saɓule. Na farko ya fizge moɗar Uwani. Na biyu da na uku suka zube a ƙasa. Na huɗu, Ado, shi ne na jikin Hamisu, sai da aka jawo shi da hannu.

"Yana nan da ransa," Ado ya ce, da ya sami numfashi. "Yanzu-yanzun nan ya ce in matsa. Tun safe abin da yake ce mini ke nan. Ina zan matsa?"

Datti ya cire hula da ɗamara, ya karɓi tocila a hannun wani mai gadi, ya shiga da kafaɗar hagu. Taku biyar, bangon ya kama ƙirjinsa. Daga nan sai ya fitar da numfashi kafin ya iya gusawa. Ba halin juya kai, ba halin sunkuyawa. Ya haska.

Hamisu na tsaye. Saurayi ne dogo, kumatunsa manne da bulo, fuskarsa na kallon bakin tsagar. Idanunsa a buɗe suke, ƙasa ta kwanta a kansu. Tururuwa sun yi layi daga bango zuwa gefen bakinsa.

Datti ya miƙa hannu ya kama wuyan hannunsa. Babu bugu. Ya gwada lanƙwasa yatsun, suka ƙi. Ya taɓa muƙamuƙin, kamar itace. An koya masa wannan a makaranta. Gawa ba ta sandarewa haka sai ta yi awa uku ko huɗu, ko da a cikin zafi ne. Ya ce wa kansa ai sanƙarau ma yana sandarar da jiki. Ya sake duban tururuwan.

Ya ja hannun. Jikin bai motsa ba, ya riga ya kumbura ya cike ƙuryar. Datti ya saki, ya tsaya ya tara ƙarfin komawa. A tsayuwar nan ne ya ji kafaɗar mamacin ta jingino da tasa, ta danna kaɗan, kamar yadda na gefenka yake yi a sahu. Wataƙila jan da ya yi ne ya karkato gawar. Haka ya riƙa gaya wa kansa daga baya. Bai san lokacin da ya fito ba, sai dai rigarsa ta kaki ta yage gaba da baya.

"Wa ya yi magana a cikinku da azahar?" ya tambayi mutanen huɗu.

Suka dubi juna. "Mu? Ai dokar aljihu ba a magana. Shi kaɗai ne, don ba ya cikin hayyacinsa."

Ta cikin ɗaki aka fasa bangon da diga. Ila da kansa ya karɓi digar a ƙarshe ya ajiye, ya riƙa ɓantarar ƙasar da hannu don kada ƙarfe ya taɓa Hamisu. Da ramin ya isa, gawar ta faɗo cikin ɗakin a miƙe, ta sauka daidai kan tabarmarsa da har lokacin ba ta bushe ba. Ila ya durƙusa yana share masa ido da bakin rawaninsa. Bai dubi Datti ba, Datti ma bai dube shi ba. Aka yi masa sutura kafin magariba.

Alhaji Maliki ya iso ana dawowa daga maƙabarta. Ya yi ta'aziyya, ya ce kwana ne ya ƙare, ko a gadon asibiti yake da ya tafi. Sannan ya shiga ya tsaya a gaban ramin. Ya daɗe yana kallo. Ya leƙa tsagar, ya miƙa hannu yana auna faɗinta.

Datti ya rubuta rahoto shafi tara. Ya faɗi yawan mutanen ɗakin, ya zana aljihun, ya rubuta nasa laifin bai rage ba. Ya nemi a rushe ƙarin ɗakunan, a kuma tanadi inda za a kwantar da mutane in an rufe musu ɗaki, don su daina ɓoye marasa lafiya. Bayan mako uku takardar ta dawo teburinsa. Wani ya rubuta a gefenta da jan biro: An gani.

Gab da faɗuwar damina ya koma gidan, da ƙafa. Ɗanladi tela ya miƙa hannu wajen ƙararrawa, ya fasa. Uwani ta tashi, wata ce a ɗakinta. An sake gina bangon ɗakin masu gadi, amma an shigo da shi ciki da kamu biyu. Inda tulin itace yake a da, yanzu akwai ƙofar kwano da kwaɗo. Aljihu ya zama ɗaki.

Ya ƙwanƙwasa ya tura. Tsakar rana ce. Faɗin ɗakin tabarma ɗaya ne cif. Wani mutum na kwance a kaikaice, ya manna bayansa da bangon ƙasa, ya takure hannuwansa a ƙirji. Rabin tabarmar na wajen bulo babu kowa. Mutumin ya farka ya tashi zaune a firgice. Sunansa Abubakar, sabon zuwa daga Zamfara, gadi yake yi a wani gini a Badarawa.

"Ku nawa ne a nan?"

"Alhaji dai ya ce ni kaɗai ne, yallaɓai."

"To me ya sa ka takure haka, ga wuri?"

Abubakar ya yi 'yar dariyar kunya. "Ka san halin gidan haya. Ina jin ya ƙara wani bai hwaɗa mini ba. Sai na yi barci shike shigowa, kahin in tashi ya hita. Ban taɓa ganin huskarshi ba." Ya dubi rabin tabarmar. "Kar ka rubuta shi, don Allah. Mutumin kirki ne, bai da hayaniya. Iyakarshi ya ce in matsa kaɗan."

Datti ya sunkuya ya ɗora tafin hannunsa a kan rabin da babu kowa. A jiƙe yake.

Ya fiddo takardar aiki. A gurbin yawan mutanen da doka ta yarda su kwana a ɗakin ya rubuta: babu. A gurbin waɗanda aka tarar ya tsaya da biro a hannu, Abubakar na kallonsa. Daga zaure ya ji muryar Alhaji Maliki yana shigowa da wani baƙo mai ƙunshin kaya, yana ce masa kada ya damu, gidan nan ba a rasa wuri.